Gajeriyar hanya ce matsalar, ko lissafina?

Ɗalibi a Jidda:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina nazarin yadda ake zaɓar wa bayanai hanya a layukan fayiba masu sassauƙan rabon haske, waɗanda ke bin ƙa'idar G.694.1 ta 2012 ta ITU-T, sashen tsara ƙa'idoji na ƙungiyar sadarwa ta duniya, inda ake ba kowace sadarwa gurabe masu faɗin 12.5 GHz gwargwadon buƙatarta, maimakon tsohon ma'aunin 50 GHz da ba ya sauyawa. A manhajar gwajina nakan ɗauki gajeriyar hanya in ɗora mata 16QAM, wani salon ɗora bayanai a kan haske, domin tattalin gurabe, amma siginar da ta taso daga Jidda takan isa Riyad a raunane. Ina gyaran yake?

Injiniya a Riyad:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Tazarar biranen nan ta haura kilomita 800, haske kuma yana rasa kusan 0.2 dB (ma'aunin ƙaruwa ko raguwar ƙarfin sigina) a kowace kilomita, shi ya sa ake dasa na'urar ƙara masa ƙarfi bayan kowace kilomita 80 ko makamancin haka, kowacce kuwa da hayaniyar da take zubawa a cikin sigina. Alama ɗaya ta 16QAM tana ɗauke da bit 4, ta QPSK, wani salon mafi sauƙi, bit 2, sai dai 16QAM tana neman sigina mai tsabta fiye da QPSK da kusan 7 dB. Tsakanin Makka da Jidda babu damuwa, amma a doguwar tafiya ka koma QPSK ko da za ta ci gurabe da yawa. Ka fitar da hanyoyi uku ko huɗu da dabarar Yen, wadda ke jero hanyoyi mafi gajarta, ka auna ingancin kowacce, sannan ka zaɓa.

Malama daga Bur Sudan:
Injiniya ya yi bayani, sai dai akwai abin da ɗalibai suka fi mantawa. Ƙara ƙarfin haske ba magani ba ne, domin tasirin Kerr, wato yadda ƙarfin haske ke sauya halin gilashin fayiba, yana sa tashoshin da ke maƙwabtaka su riƙa gurɓata juna, gurɓatar kuma takan ninka sau takwas idan aka ninka ƙarfin kowace tasha sau biyu. Saboda haka kafin ka karɓi sabuwar sadarwa, wajibi ne ka sake auna waɗanda ta tarar a layin. Lissafin GN na ƙiyasta wannan gurɓata, wanda masana a Turin ta Italiya suka yaɗa, shi manhajar GNPy take amfani da shi, kuma kyauta ce. A ganina yawan matatun ROADM (na'urorin karkatar da tashoshin haske a mahaɗu) da sigina ke ratsawa ma abin ƙirgawa ne, tunda kowace matata tana ƙuntata ta. Ta haka gajeriyar hanya mai mahaɗu da yawa kan zamo mafi muni.

Ɗalibi a Jidda:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Malama, idan QPSK ta nemi gurabe shida a jere, ba a kuwa same su a lamba ɗaya a duk sassan hanyar ba, in raba sadarwar biyu ne, ko in matsar da tsofaffin?