Neman shawara: in zauna ina rubuta rahoto, ko in koma daji raya fako?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Kimiyyar ƙasar noma na karanta, bara na gama bautar ƙasa. Wata huɗu ke nan ina aikin gwaji a wani kamfani mai rubuta wa masu manyan ayyuka rahoton tasirin aiki ga muhalli, wanda ake kira EIA. Tun da na fara ban taɓa taka filin da muke rubutu a kansa ba. Tsohon rahoto ake miƙo min in canja sunan gari da kwanan wata. Makon jiya a rahoton wani aikin hanya a Jigawa na tarar da itatuwan bakin teku a jerin bishiyoyin wurin. Da na nuna wa oga, cewa ya yi in goge kawai. Ni kuwa abin da ya kai ni wannan karatu shi ne gonar kakana da ta zama fako a kan idona. Ga wata ƙungiya tana neman mai kula da gandun renon itatuwa a ƙauye, albashin rabin wanda nake karɓa. Babana ya ce bai biya kuɗin digiri don in riƙe bokitin ban ruwa ba. Me kuka gani?

Wata da ta daɗe a harkar EIA:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kamfaninka ne ya lalace, sana'ar lafiyarta lau. Tun 1992 doka ta wajabta wannan bincike kafin a fara babban aiki a Najeriya, kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke tantancewa. A ƙa'ida, babban aiki sai an je an ɗebo samfurin ƙasa da ruwa, an auna iska, damina da rani, sannan a baje rahoton kwana 21 na aiki jama'a su duba. Mai kwafe-kwafe ranar zaman tantancewa yake jin kunya, in masana suka fara tambaya.

Kada ka ajiye aikin tukuna. Ka nace a riƙa tura ka fili, ko da ɗaukar kulan samfur ne. Ka koyi yadda ake lakaba wa kwalba shaida da yadda take isa ɗakin gwaji ba ta gurɓata ba. Da dare ka zauna da QGIS, manhajar zana taswira a kwamfuta, kyauta ce, har ka iya fitar da taswira daga hoton tauraron ɗan'adam. Ka tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ce magani ba zai yi amfani ba muddin yaro zai koma ya yi rarrafe a tsakar gida mai guba, sai da aka kankare ƙasar gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega aka zuba sabuwa. Ƙwararrun da suka jagoranci aikin daga Amurka aka ɗauko su. Kai da ka karanta ƙasa, wannan gurbin naka ne.

Wani tsohon ma'aikacin gandun daji:
Hajiya ta faɗi nata. Ɗana, ni shekara 31 na yi ina dashe. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne bikin dashe: a kafa rumfa, babban baƙo ya dasa ɗaya, a yi hoto, a watse. Sau da yawa ma sai ƙarshen Agusta tsiron ke isowa, ruwa ya kusa ɗaukewa. Ka koma a watan Afrilu, sai ledoji da kashin awaki. Duk wanda ya ce maka ya dasa dubu ɗari, ka tambaye shi nawa suka ga damina ta biyu. In za ka karɓi aikin ƙungiyar nan, ka fara tambayarsu wa zai yi ban ruwa da rani, kuma wa ke da itacen in ya girma. In suka fara kame-kame, ka riƙe kujerarka.

Wani daga Maraɗi:
Baba, a yi min afuwa in ɗora. Mu nan dashen ma ba shi ya cece mu ba, sassaben zamani ne. Manomi in ya zo sharar gona, maimakon ya sare duk tohon kututture, sai ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ya gyara su ya bari. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa. Tun wajen 1983 Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya, ya fara yaɗa abin a yankinmu, yau ana maganar hekta miliyan 5 a Nijar. Ka dubi gawo: da damina yake zubar da ganye, ba ya tsare wa gero rana, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa su bar taki. Fakon kakanka kuwa rabin wata za a haƙa masa, wato rami mai siffar rabin wata, ya tare ruwa, a zuba taki a ramuka. Amma ka sani, fako ba shi da mai shi sai ranar da ya yi kore. Ranar za ka ga magada, ga makiyaya suna cewa burtalinsu ne. Wanda bai iya zama gaban mai gari ba, iliminsa a jaka zai ƙare.

Wani kuma:
Ayyukan suna nan. Hukumar Great Green Wall, mai dashen itatuwa don tare hamada, na aiki a jihohi 11, ga ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, da Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Sai dai aikin shiri yana da wa'adi, ranar da aka rufe kowa ya kama gabansa. Kuma su ma rahoton muhalli suke buƙata kafin su taɓa ko kwazazzabo ɗaya, wato abin da kake rainawa yanzu. Babanka kuma ka ce masa "consultant" ne kai, zai huce.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan yi wa oga maganar fita fili ranar Litinin. Yaya na Maraɗi, rabin watan nan yanzu da rani ake haƙawa ko sai an yi ruwan farko? Ƙasar tamu diga ma tsalle take yi a kanta.