Me ya sa finafinan kifin shak na ƙaramin jari suke da farin jini?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai finafinan Amurka na kifin shak mai cin mutane waɗanda ko yaro ya gani ya san kifin na kwamfuta ne, amma ana ta yin sababbi, kuma ana kallo. Yaya ake haɗa su da kuɗi kaɗan? Me ke sa wani ya yi daɗi, wani ya gundiri mutum, alhali duk na arha ne?

Ɗan Edita:
Wa alaikumus salam. Malam, ruwa ne ke cin kuɗin fim ɗin shak, kuma daga nan komai ya samo asali. Dubi Jaws na 1975. An tsara ɗaukarsa cikin kwana 55, ya ci kwana 159, kuɗinsa ya kai kusan dala miliyan 9. Sun ƙera kifin inji guda uku masu aiki da iskar matsi, ruwan gishiri ya riƙa shiga bututun yana lalata su, fatar da aka lulluɓe su da ita kuma ta sha ruwa ta kumbura. Dole ta sa daraktan fim ɗin, Spielberg, ya ɓoye kifin: sai kiɗa, da kyamara a ƙarƙashin ruwa tana kallon ƙafafun masu iyo, da gangunan roba masu ruwan ɗorawa da kifin ke ja.

Mai ƙaramin jari ba shi da kwana 159. Sharknado na kamfanin The Asylum, wanda tashar Syfy ta nuna a Yulin 2013, cikin kwana 18 aka ɗauke shi. Yadda ake rage kuɗin: yawancin fim ɗin a kan tudu ake yi, ko a jirgin ruwa da aka ɗaure kusa da gaɓa ana karkata kyamara don kada ƙasa ta fito. Ƙayar bayan kifin, wadda ke ratsa ruwa, ana sassaƙa ta da soso mai tauri ko katako, a kafa ta a kan allo mai nauyi a ƙasa, a ja da igiya. In nauyin bai isa ba sai ta kwanta gefe guda, in an ja da ƙarfi allon ya taso ya tona asiri. Kifin kansa kuwa a kwamfuta ake saka shi, kuma kowane yanki kuɗi ne, shi ya sa ba ya wuce daƙiƙa biyu ko uku a allo. Sau da yawa yanki guda ake maimaitawa, a juya shi daga hagu zuwa dama don ya yi kama da sabo.

Hajiya Mai Kallo:
Bari in ɗora a kan abin da ke fallasa kifin kwamfutar, don shi ne rabin nishaɗin. Babban laifin shi ne ruwa ba ya amsa masa. Kifi mai tsawon mita shida ya yi tsalle ya faɗo, amma babu igiyar ruwa, jirgin da ke gefensa ko motsi bai yi ba, rigar jarumin a bushe. Zana fantsamar ruwa ta fi zana kifin wahala da cin lokaci, sai a manna farin kumfa a sama a wuce. Sai haske: an ɗauki mutane da rana tsaka, an haska kifin daga gefe, ba shi da inuwa a kan ruwa. Girmansa ma canzawa yake, yanzu ya kai mota, anjima ya shige ta ƙofar ɗaki.

Wasu kuma hoton kifi na gaske suke saye daga masu finafinan namun daji su haɗa da nasu. Nan ma launin ruwa ke tona su, na kifin shuɗi garau, na jaruman kore mai dauɗa. Shark Attack 3 na 2002 ya faɗaɗa hoton shak na gaske har ya haɗiye kwale-kwale da mutanensa, ana ganin gefen da aka yanko. Jinin kuwa ruwan sukari mai kauri ne da jan kalar abinci, kuma jajir yake fitowa komai zurfi, alhali ruwa yana shanye launin ja, a zurfin mita goma jini duhu-duhu yake, har ya yi kore. Kuma shak ba ya ruri, ba shi da abin yin murya, ba ya iyo da baya. A fim duka biyun yana yi.

Baba Na Sinima:
Yarona, tambayarka ta biyu ta fi muhimmanci. Da yawa daga cikin waɗannan finafinai don talabijin aka tsara su, minti 85 zuwa 90, da hutun talla a tsakani. Don haka dole kifin ya ci wani tun a mintunan farko, sannan ya sake kafin kowane hutu don kada a canza tasha. Sunan fim ɗin alkawari ne. Mega Shark Versus Giant Octopus na 2009 ya nuna kifi ya yi tsalle ya cafke jirgin sama a sararin sama, kuma wannan yankin ne ya yaɗa shi a intanet. Sharktopus na 2010, wanda Roger Corman ya shirya, rabi shak rabi dorinar ruwa mai hannu takwas, abin da ke jikin fosta shi za ka gani.

Abu biyu ke kashe irin wannan fim. Na farko cike gibi: kuɗin kifi ya ƙare, sai a zaunar da mutum uku a ɗaki gaban allon kwamfuta suna surutun kimiyya na minti ashirin. Na biyu, jarumai su nuna sun san abin dariya suke yi. A ganina abin da ya ɗaga Sharknado na farko shi ne jarumin fim ɗin, Ian Ziering, ya riƙe zarton inji ya faɗa cikin bakin kifi fuskarsa a murtuke, da gaske yake ceton iyalinsa. Ci gaban da suka biyo, har na shida a 2018, an cika su da fitattun mutane masu leƙowa don a gan su, kuma armashin ya ragu sosai.

Ɗan Edita:
Gaskiya ne Baba. Ƙari ɗaya, kada a ɗauka duk mai arha shirme ne. Open Water na 2003 da kuɗi ƙalilan aka yi shi, jarumai biyu a cikin teku tare da kifayen shak na gaske, sanye da rigar sarƙar ƙarfe a ƙarƙashin kayan iyonsu. Wannan tsoro yake bayarwa na haƙiƙa. Malam, in dariya da ihu kake nema, duba tallan fim ɗin tukuna: in kifin ya fito a wurare daban-daban, yanayin harin ma daban, an kashe kuɗin inda ya dace. In yanki guda ake ta nunawa, sauran fim ɗin surutu ne.