Yarona ya shiga JSS1 a makarantar kwana, ya kasa sabawa

Maman Abba:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Yarona shekararsa 11, bana ya gama firamare muka kai shi makarantar kwana a watan Satumba. Ranar ziyara ta farko na je na tarar duk ya rame, ya riƙe min hijabi yana kuka wai in tafi da shi gida, ba shi da aboki ko ɗaya, an ɗauke masa bokiti, garinsa da suga ma siniyoyi sun cinye. Babansa ya ce a bar shi zai saba, ni kuwa tun ranar ban yi barcin kirki ba. In cire shi ne ko yaya?

Malamin Aji:
Wa alaikumus salam Hajiya, kar ki cire shi tukuna, zangon farko ne mai wuya. Ki je da ƙafarki ki ga fom masta da hausmasta ido da ido, ba ta waya ba, ki roƙa a haɗa shi da yaro mai hankali ɗan SS2. Ban ce SS3 ba, su hankalinsu na kan WAEC da NECO kuma sun kusa tafiya. Ni a ajina satin farko ba na barin yaran da suka fito daga makarantar firamare guda su cika benci guda, sai na gauraya su, kuma yaron da ya fi kowa shiru shi nake sa wa rabon littattafai in na gama makin, dole ya riƙe sunan kowa, kafin wata guda za ki ji ana kiran sunansa a aji. Sannan ki duba Turancinsa, yara da yawa a firamare da Hausa ake musu bayani, sai su zo nan kowane darasi da malaminsa kuma ba mai fassara musu, kunya ta hana su buɗe baki.

Tsohon ɗan kwana:
Mama ni ƙwallo da taron MSS (ƙungiyar ɗalibai Musulmi) ne suka cece ni, a nan na samu abokan da har yau muna zumunci. Ki rubuta sunansa da fenti a jikin bokiti, ki ƙara masa ƙuli-ƙuli ki ce ya riƙa ci da ƴan ɗakinsu, wallahi kwano ɗaya na jiƙaƙƙen gari yana haɗa abota.

Anti Ummi:
Ni dai ban yarda da "zai saba" kawai ba. Ki ja shi gefe ku biyu ki tambaye shi ko ana dukansa, ki ɗaga rigarsa ki duba bayansa, yara ɓoyewa suke don tsoron siniyoyi. In da duka a ciki maganar ta firinsifal ce.

Maman Abba:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Anti wallahi ban duba bayansa ba, ba zan jira wata ziyarar ba, Litinin in sha Allah ina makarantar.