Tambaya kan kallon tsofaffin finafinan almarar kimiyya a kan zaren fim

Ɗan Hindawiyya, Jidda

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwa. Ni dai a Jidda aka haife ni, kuma ban taɓa shiga gidan silima ba sai bayan da hukuma ta ɗage haramci, aka buɗe gida na farko a Riyad a watan Afrilun 2018, sannan na garinmu suka biyo baya. Saboda haka duk abin da idona ya taɓa gani a babban allo, na'urar dijital ce ta haska shi. Kwanakin baya na ji cewa a Turai da Amurka akwai masu yin tattaki musamman domin su kalli tsofaffin finafinan almarar kimiyya, irin na jiragen sama jannati da duniyoyin taurari, a kan zaren fim na da. Misalin da aka ba ni shi ne 2001: A Space Odyssey na 1968, wanda a 2018, da ya cika shekara hamsin, aka wanke masa sabon kwafi mai faɗin milimita 70 aka nuna a bikin Cannes na Faransa. Fim ɗin nan na kalle shi a talabijin ɗin gida, hotonsa tangaram. To mene ne suke gani wanda ni ban gani ba? Kuma akwai inda mutum zai samu irin wannan kallo a nan Saudiyya? Mahaifina yakan ba mu labarin silimar ahwash da ake yi a tsakar gidajen Jidda a zamaninsu, amma iyakar abin da yake tunawa shi ne ƙarar injin da zafin dare.

Tsohon Mai Majigi, Makka

Wa alaikumus salam. Yarona, ka tono min abin da na daɗe da binnewa. Kafin in yi ƙaura zuwa Makka na yi shekaru ina aikin makana, wato majigi, a wani gidan silima a Wad Madani, irin gidajenmu na Sudan marasa rufi, waɗanda ba a fara haskawa sai duhu ya sauka bayan magariba. Mu shariɗ muke ce wa zaren, naɗinsa kuwa bakara. Namu mai faɗin milimita 35 ne, hoto 24 ke wucewa gaban fitila a kowace daƙiƙa, wato kimanin mita 27 a minti guda. Bakara ɗaya tana ɗaukar mita 600, ba ta wuce minti ashirin da 'yan kai, don haka fim na awa biyu yakan zo mana a bakara shida cikin gwangwanayen ƙarfe masu nauyin gaske.

Makana biyu muke da su gefe da gefe. Idan bakara ta kusa ƙarewa, wani ɗan ɗigo yakan bayyana a kusurwar allo ta sama daga dama. Da ka gan shi sai ka tayar da makana ta biyu, bayan 'yan daƙiƙoƙi ɗigo na biyu ya fito, ka rufe wannan ka buɗe waccan. Gwanin ma'aikaci shi ne wanda 'yan kallo ba za su taɓa sanin an sauya ba. Hasken kuwa daga sandunan gawayi biyu yake fitowa, wutar lantarki tana tsallakawa tsakaninsu, suna ci suna gajarta, kai kuma kana kula da tazararsu. Idan ka yi sakaci allo ya dushe, masu kujerun sha'ab, wato na gaba masu araha, za su sanar da kai da fito da ihu.

Game da abin da ka tambaya, hoton shariɗ yana da rai irin nasa. Ƙwayoyinsa ba sa tsayawa wuri ɗaya, kowane hoto da nasa zubin, ga wani ɗan rangaji da ido ba ya kamawa sosai amma zuciya tana jinsa. A finafinan sararin sama aka fi gane wannan, domin mafi yawan allon baƙi ne, ga taurari warwatse, mu kuma muna zaune a fili taurarin gaske suna bisa kanmu. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, kwafin da ke iso mana ya riga ya sha yawo a garuruwa, duk ya yi zane kamar ana yayyafi, fassarar Larabcin da aka buga a jikinsa kuma fara ce, idan hoton ya yi fari sai ta ɓace ɗungum. Akwai daren da muke raba kwafi ɗaya da wani gida, yaron da ke kawo bakara a keke tayarsa ta fashe, muka bar jirgin sama jannati a rataye tsakanin sama da ƙasa har kusan rabin awa.

Injiniya Ummu Khadija, Riyad

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, bayaninka ya gamsar. Amma ina so in ja hankalin ƙanena kada ya ɗauka cewa duk tsohon kwafi ya fi dijital. Yawancin finafinai masu launi da aka wanke daga 1950 zuwa farkon shekarun 1980 a kan zaren Eastmancolor ne, shi kuwa rininsa hawa uku ne, kuma ba tare suke tsufa ba. Mai ruwan shuɗi da mai ruwan ɗorawa su ne ke fara koɗewa, jan ya saura, shi ya sa za ka ga sararin samaniya da ya kamata ya zama baƙi ƙirin ya koma ruwan hoda. Sai a 1982 kamfanin Kodak ya fito da zaren da launinsa ke jure shekaru. Ke nan zamanin da aka yi fitattun finafinan da muke magana a kansu shi ne zamanin da kwafi ya fi saurin lalacewa.

Ga kuma ciwon da ke kama jikin zaren kansa. Zaren da aka yi da sinadarin asitet, wanda ya maye gurbin na naitiret mai kamawa da wuta a farkon shekarun 1950, idan ya haɗu da zafi da danshi yakan fara ruɓewa yana warin khal, wato ruwan tsamin nan na binega, ya tsuke ya kanannaɗe har haƙoran injin su kasa kama shi. Wanda ya san iskar Jidda a watan Agusta ya san abin da za ta yi wa gwangwanin da aka jefa a ɗakin ajiya. Sanyi da bushewa kaɗai ke tsare shi.

Dangane da tambayarka ta biyu, manyan gidajen da ke cikin kasuwanninmu da na'urar dijital aka gina su tun farko, domin a lokacin da muka dawo harkar, duniya ta riga ta bar zare. Idan tsofaffin finafinai kake nema a babban allo, ka riƙa bibiyar bikin finafinai na Bahar Maliya da aka fara a Jidda a Disambar 2021, wanda ke da sashe na finafinan da aka farfaɗo da su, da kuma gidan silimar Hayy Jameel da aka buɗe a Jidda a 2022.

Ɗalibi Mai Nisa, ɗan Madina da ke karatu a Landan

Yaya Injiniya, ban musa ko ɗaya daga abin da kika faɗa ba, amma akwai abin da gyaran dijital ba ya bayarwa. Star Wars da aka fitar a 1977 ba shi ne wanda ake sayarwa yau ba, domin tun 1997 mai fim ɗin ya shiga ƙara masa halittun kwamfuta yana sauya wasu wurare. A watan Yunin 2025 cibiyar finafinai ta Birtaniya ta ɗauko kwafinsa na 1977 daga ma'ajiyarta ta haska a nan Landan, kuma launinsa bai gushe ba, saboda an buga shi ne da tsarin rini na Technicolor wanda ba ya koɗewa irin na Eastmancolor. Ba don tsohon kwafi ba, da ba mu ga wannan siffar fim ɗin a babban allo ba. Haka ma Metropolis na 1927: kusan minti 25 nasa da aka fitar da rai da su, a 2008 aka tsinto su a wani ƙaramin zare mai milimita 16, duk ya kakkarce, a gidan tarihin silima na Buenos Aires.

Ɗan'uwana mai tambaya, abin da na ƙaru da shi da na kalli fim ɗin 1968 a milimita 70 shi ne cewa jiragen nan duka ƙananan samfura ne da aka ƙera da hannu, aka ɗauke su da tunanin yadda za su fito a kan zare. Girman filin hotonsa ya kusa ninka na milimita 35 sau uku, ga hutun rabin lokaci da ake yi a tsakiya kamar yadda aka tsara tun asali.

Ɗan Hindawiyya, Jidda

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, wannan ɗigon na kusurwar allo na sha ganinsa a tsofaffin finafinai na kaset, ina zaton datti ne.

Tsohon Mai Majigi, Makka

Ba datti ba ne, yarona, kira ne ake yi wa irinmu. Idan an manta da shi ko ya goge, mu da kanmu muke kankare namu da bakin reza, shi ya sa a kwafin da ya zaga gidaje da yawa za ka tarar da ɗigo uku ko huɗu, kowane ma'aikaci da nasa. Idan Allah ya kawo ka umara ka neme ni, akwai guntun shariɗ kamu ɗaya da na adana a cikin wani littafi tun daga Madani, ka ɗaga shi ga haske ka ga yadda shuɗinsa ya koma ja kamar yadda Injiniya ta faɗa.