Zan tafi ziyara Urushalima, da me zan shirya zuciyata?

Maman Tagwaye:

Salama gare ku cikin sunan Yesu. Sunana ya fito cikin maniyyatan jiharmu da za su je Isra'ila da Urdun, 'ya'yana ne suka haɗa kuɗin kujera. A wajen bita an yi mana bayanin fasfo, nauyin jaka, rigar sanyi da takalmin da ba zai ci ƙafa ba. Duk na haɗa. Zuciyata ce ban san yadda zan shirya ta ba, kuma ba na so in je in dawo da hotuna da laƙabin JP, wato wanda ya ziyarci Urushalima, a bayan suna kawai.

In yi azumi kafin tafiya? Ina da ciwon sukari, ina shan magani safe da yamma. Me zan riƙa karantawa? Sannan wasu a zumuntar mata sun ce dole in sayi farar riga a sake yi mini baftisma a Kogin Urdun, alhali an yi mini tun ina budurwa a rafin garinmu. Waɗanda suka riga mu zuwa, ku taimake ni.

Baba Fasto mai ritaya:

'Yata, Ubangiji ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya. Abin da ba a cika faɗa wa maniyyaci ba shi ne ƙarancin lokaci. Mota za ta sauke ku a Kafarnahum, jagora ya yi bayani, kafin ki gama kallon bangon tsohuwar majami'ar an fara kiran a koma mota. Abin da kika shigo da shi a zuci, da shi za ki yi sujada a wurin. Saboda haka shirin a gida ake yin sa.

Ki fara da Zabura 120 zuwa 134, waƙoƙin haurawa guda 15 da ake dangantawa da masu tafiya idi Urushalima. Ɗaya a rana, da safe, da murya. Ki haddace ta 121 da ta 122. Ranar da motarku ta taso daga Yariko, wadda ke ƙasa da matakin teku da wajen mita 250, ta yi ta hawa cikin duwatsun jeji har Urushalima mai tsayin kusan mita 800, kunnenki zai toshe, a nan za ki gane dalilin da mai zabura ya ɗaga ido wajen duwatsu yana neman inda taimako zai fito. Bayan haka ki karanta Markus daga fari har ƙarshe, sura 16 ne kawai, kina rubuta sunan kowane gari a ɗan littafi tare da ayarsa.

Akwai wata mata mai suna Egeriya da ta yi wannan ziyara tsakanin shekara ta 381 da 384, ta rubuta wa 'yan'uwanta mata labarin tafiyar. Al'adarsu ita ce, duk wurin da suka isa sai su yi addu'a, su karanta nassin da ya shafi wurin, su yi zabura ɗaya, su sake addu'a. Ni ban ga tsarin da ya fi wannan ba. Minti biyar ya ishe shi, kuma ko jagora na sauri za ki iya yi a tsaye.

Azumi kuwa, kada ki bar abinci ba da sanin likitanki ba. Ki bar nama ko shayi mai daɗi, ki bar hirar dare da kallon talabijin, ki ba addu'a wannan lokacin. Kuma ki yi shi a ɓoye yadda Matiyu 6 ya koyar. Abin da ya fi azumin wuya yana Matiyu 5:23-24: in akwai wanda ke riƙe da ke a rai, ki je ku shirya kafin ki hau jirgi.

'Yar Katolika daga Kagoro:

Mama, Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Ki koyi yin shiru tun yanzu, domin can babu wanda zai ba ki shi. Hanyar Gicciye da muke bi a coci lokacin azumi cikin natsuwa, a Urushalima ta tsakiyar kasuwa ta ratsa. Masu shaguna na kiran ki, yara na turo amalanke, ga ƙamshin gahawa da turare. Da farko abin ya dame ni, sai na tuna shi ma Ubangiji ta cikin jama'a da hayaniya aka bi da shi. Tashoshi 14 ne, biyar na ƙarshe suna cikin Cocin Kabari Mai Tsarki. Da shigarki za ki ga wani shimfiɗaɗɗen dutse a ƙasa, mata sun durƙusa suna goga gyale a kai, hannunsu na ƙamshin mai, wata na kuka ba sauti. Layin shiga kabarin yakan yi tsawo sosai, ciki kuma ba a barin mutum ya daɗe. To layin nan shi ne wurin addu'arki. Ni sunayen 'ya'yana da na marasa lafiyan unguwarmu na yi ta kira ɗaya bayan ɗaya har na kai ƙofa.

Maganar baftisma, Afisawa 4:5 ta ce ɗaya ce. Wadda aka yi miki a rafin garinku ba ta gaza ba. Mu sabunta alkawarin baftisma muka yi a bakin ruwa a wurin da ake kira Kasar al-Yahud kusa da Yariko, inda kogin ya tsuke, ruwan ja-ja da laka, kina hango masu ziyara a ɗaya gaɓar, ta ƙasar Urdun. Amma ki tambayi fastonki, kada ki yi abin da ikilisiyarku ba ta sani ba.

Malamin Makarantar Lahadi:

Mama, ni abin da nake jin tsoro shi ne mu mai da ruwan Urdun da man zaitun laya. Yesu ya gaya wa Basamariya a Yahaya 4 cewa lokaci na zuwa da ba a kan dutsen nan ba, ba kuma a Urushalima za a yi wa Uba sujada ba, sai cikin ruhu da gaskiya. Ba umarni ba ne a kanmu mu je, alheri ne kika samu. Ki sayi tsaraba, amma kada ki bari a ce kwalbar ce ke warkarwa.

Sai waya. Ki ɗaura wa kanki doka: babu hoto sai kin gama karatu da addu'a. Kuma a Baitalami da Nazarat akwai Kiristoci Larabawa da ke zaune a can tun kaka da kakanni, cikin wahala mai yawa. Ki gaishe su, ki sayi kayansu, ki sa su cikin addu'a tare da dukan mutanen ƙasar.

Maman Tagwaye:

Na gode, Allah ya saka. Na fara Zabura 120 yau da asuba, farar rigar kuma na fasa. Amma Baba, maganar Matiyu 5 ta hana ni barci. Ni da faccalata ba ma gaisawa tun rabon gonar surukinmu. Idan na je ta ƙi sauraro na fa?

Baba Fasto mai ritaya:

Ki je duk da haka, 'yata, cikin makon nan, kada ki bari sai ana jibi tafiya ta ce bankwana ce ta kawo ki. Ki tafi da dattijuwa ɗaya da ku biyun kuke jin nauyinta. Kada ki tayar da zancen iyakar gona, wannan na maza da mai unguwa ne. Ki nemi gafarar abin da bakinki ya faɗa, ki tambaye ta abin da take so ki roƙa mata a can, ki rubuta a gabanta. In ta ƙi, Romawa 12:18 iyakar ƙoƙarinki ta nema daga gare ki. Ki dawo ki ba mu labari, sai mu san yadda za mu ci gaba da addu'a.