Wai me ake gani a besbol ne?

Ɗan_Sabongari: Salam 'yan uwa. Don Allah masu kallon besbol ku fahimtar da ni, na kunna wasan Dodgers da Yankees sai na ga mutane tsaye kawai, ɗaya ya jefa ƙwallo ɗaya ya kai mata duka ya kuskure, wai ina daɗin yake?

Maikano77: Hhh ɗan uwa daɗin na tsakanin mai jifa ne da mai sanda, ƙwallon na zuwa da gudun da ya haura kilomita 150 a awa, wata ta miƙe wata ta lanƙwasa wata ta faɗi ƙasa dab da kai, kai kuma dole ka yanke shawara kafin ƙiftawar ido. Shi ya sa wanda ke samun dukan ƙwallon sau 3 cikin 10 ma gwani ne.

Ummu_Sadiq: Ni Ohtani ne ya ja ni wlh. Ɗan Japan ne, yana jifa yana kuma duka, a 2023 shi ya fitar da Mike Trout ɗan wasan Amurka a jifan ƙarshe Japan ta ci Amurka kofin duniya na besbol, lokacin kuma kulob ɗinsu ɗaya.

Ɗan_Sabongari: To amma tsawon wasan fa Hajiya?

Maikano77: Tun 2023 sun saka agogon ƙayyade lokaci wa mai jifa, yanzu bai cika kai awa 3 ba. Matsalar dai lokaci ce, yawancin wasannin Amurka sai tsakar dare a nan, ga kowane kulob wasa 162 a kaka, wa zai iya bin duka.