Wai famasis yana da hurumin gyara wa likita magani?

Ɗan Agege:
Salamu alaikum jama'a. Mahaifinmu aka kwantar satin da ya wuce a wani asibiti nan Legas, hawan jini da ciwon ƙoda. Ana zagayen safe sai ga wata mata da farar riga, na ɗauka likita ce ashe famasis ce, ta sa na zazzage duk magungunan da Baba ke sha a gida har da jiƙon da maƙwabcinmu Bayarabe ya ba shi wai agbo. Tana ganin diclofenac da yake saya a kemis saboda ciwon gwiwa ta je ta yi wa likita magana, aka hana shi sha. To ni dai na san famasis a bayan taga yake yana miƙo magani, wannan aikinsu ne ko shiga sharo ba shanu ta yi?

Famasis a Ikeja:
Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Aikinta ne ɗan'uwa, kuma ta taimake ku, diclofenac yana ƙara lalata ƙodar da ta riga ta yi rauni kuma yana iya ɗaga hawan jini. Mu ba mu soke abin da likita ya rubuta, shawara muke ba shi, shi ke da maganar ƙarshe. Amma mu ne ke duba ko adadin ya dace da nauyin yaro ko ƙarfin ƙoda, ko wani magani zai yi karo da wani, misali mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, aka ƙara masa Flagyl jininsa zai iya tsinkewa ya riƙa zuba. Wani lokacin ma rubutun ne kawai, 1.0 ɗigon bai fito ba a karanta 10. Shi ya sa a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin rage irin wannan illa da rabi cikin shekara 5, ta ce kuskuren magani na cin dala biliyan 42 duk shekara.

Maman Biyu:
Ni nas ce, wallahi ranar da famasis ya shigo zagaye hankalina ya fi kwanciya, musamman alluran gentamicin da ke taɓa ƙoda da ji. Matsalar ba su da yawa, mutum ɗaya ga layin taga ga ɗakunan kwanciya, ga wasu sun yi japa, wato sun tafi aiki ƙasashen waje.

Alhajin Mile 12:
Yarona, mu ma da laifinmu. Likita ya tambaya me kake sha mu ce babu, alhali aljihu cike yake da na kemis da na gargajiya.

Ɗan Agege:
Gaskiya ne Alhaji, Baba ma cewa ya yi ba komai sai da ta ce a kawo jakarsa. Na gode muku, gobe in sha Allah kafin a sallame mu zan neme ta ta rubuta min lokutan shan kowanne.